Watandar Jirgin Sama a Rikkos

Duk ranar da za a yi lissafin waɗanda suka taɓa mallakar jirgin sama a garin Jos, ina roƙon arziki kada a tsallake sunana. Ba jirgi sukutum na mallaka ba, rubu'i ne rabona, amma na biya kuɗinsa lakadan, na kuma biya abin da ya fi kuɗinsa daga baya.

Maganar ta taso ne a teburin mai shayin layinmu a Rikkos, cikin sanyin Disamban nan da ke sa ƙato ya riƙe kofi da hannu biyu. Maƙwabcina mai walda, wanda duk unguwa ke kira Injiniya, shi ya zaro wata takardar siminti daga aljihu ya shimfiɗa tsakanin gwangwanin madara da burodi. Zanen jirgi ne da gawayi.

"Malam, kai ne ɗan boko," in ji shi. "Waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji a Amurka a 1903, 'yan gidan Wright, mece ce sana'arsu?"

Na ce masa masu kekuna ne, suna gyarawa suna ƙerawa.

"To ka ji! Masu gyaran keke. Tashin farkon ma daƙiƙa 12 kacal suka yi, duniya ta ɗauka. Mai gyaran keke ya fi mai walda ne?"

Bai tsaya nan ba. Ya kawo labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta a Kano a 2007 da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har ya ɗaga sama ƙafa 7. Ya kawo Air Beetle, ƙaramin jirgin koyo da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna don sojojin sama. Sannan ya buga tebur har shayina ya fantsama.

"Kano sun yi, Kaduna sun yi. Mu kuwa Jos muna zaune mita 1,200 da ɗoriya a kan teku. Tun kafin mu tayar da inji mun riga mun yi rabin hawan!"

Wannan hujja ita ta kashe ni. Na ƙara masa da nawa ilimin, na ce ai a ƙasashen Turawa ma ba kowane mai jirgi ne attajiri ba. Mutum huɗu ko biyar sukan haɗa kuɗi su sayi ɗan jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172, wanda ake ƙerawa tun 1956, kowa ya san ranar da zai ɗana, a sha iska a dawo gida. Mai shayi ya ce, "Af, ashe watanda ce, irin ta san Sallah." A nan take aka ƙulla watandar: Injiniya, da mai shayi, da wani Alhaji tsohon direban tirela, da ni. Na sayar da babur ɗina da ke jingine a zaure tun lokacin da aka hana acaɓa a cikin gari, na zuba.

Inji muka fara saya a Dilimi, na tsohuwar Volkswagen Beetle. A nan kam Injiniya ya yi gaskiya, don iska ce ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto, kuma masu haɗa jirgi a gida a wasu ƙasashe sun daɗe suna amfani da irinsa. Farfela wani kafinta a kasuwar Katako ya sassaƙa mana da maɗaci, yana aiki yana tambaya ko muciya ce ta gidan biki. Tayoyin baya na Keke Napep ne, na gaba na baro. Fukafukai tamfol muka ɗinke su da shi. Gangar jikin kuwa, Injiniya mutum ne da ya shekara da shekaru yana yi wa mutane ƙofofin ƙarfe da tagogin hana ɓarawo, kuma bai san aikin ha'inci ba. Duk inda ya ga wuri ya yi masa siriri sai ya ƙara rodi. Da aka gama, ko 'yan fashi ba su isa su fasa jirgin nan ba. A gefe aka rubuta da jan fenti: RABO SAI MAI SHI.

Mun yi rantsuwa za a riƙe sirri. Abin da muka manta shi ne ɗaya daga cikinmu mai shayi ne.

Tun ba a ɗaura fiffike na biyu ba na zama Alhaji Mai Jirgi, ni da ko filin jirgin Heipang ban taɓa wuce bakin ƙofa ba sai rakiyar maniyyata. Mai gidan haya ya aiko cewa daga sabuwar shekara kuɗi ya ƙaru, wai mai jirgi ba zai ji ba. Mai nama ya daina ba ni gyara. Mai kanti ya rufe littafin bashi, ya ce kunya yake ji ya rubuta sunan babban mutum. Wani dillalin kayan gwari daga Farin Gada ya same ni har makarantar da nake koyarwa, yana tambayar buhu nawa na dankalin Turawa zan iya kaiwa Legas a sawu ɗaya. Gwaggona ta taso takanas daga Bauchi da ƙullin kayanta.

"Ɗan nan, ba na son dogon zance. Umra nake so cikin azumi. Ka ajiye ni Jidda ka juyo abinka, ba sai ka jira ni ba."

Na ce, "Gwaggo, kujera ɗaya ce a ciki."

"To ka tsaya a tsaye mana. Yaro da kai?"

Uwargida ce kaɗai ba ta ce uffan ba. Sai dai kullum in zan fita takan tambaye ni inda na ajiye takardar filin gadonmu.

Akwai wani dattijo a layin bayanmu da ya yi aikin kanikanci a tsohon filin jirgin Jos, zamanin da ƙananan jiragen mishan na SIM ke tashi daga can, kafin a koma Heipang. Muka gayyato shi ya sa albarka. Ya zagaya jirgin da sandarsa, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya nemi ya ɗaga wutsiyar da hannu, ta ƙi ko motsi.

"Samari, dokin injin nan nawa ne?"

Injiniya ya ce wajen 50.

"Cessnar da kuke faɗa tana da 160 zuwa 180, kuma da gorar ruwa aka yi ta, ba ta kai kilo 800 ba in babu kowa ciki. Wannan fa kun auna shi?"

Mun auna. Mai sikelin 'yan gwangwan ne ya roƙe mu mu sauke kafin mu karya masa hanyar abinci.

Sai na kawo babbar hujjarmu, na ce, "Amma Baba, ai muna kan tudu. Mun riga mun yi rabin hawan."

Dattijon ya dube ni, ya dubi sandarsa, da alama yana shawarar inda zai sauke ta. Ya ce tudun nan shi ne babban abokin gabarmu. Iska tana da nauyi, kuma duk hawan da aka yi ƙara sirancewa take. A tsayin Jos ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin goma a kan ta Legas. Inji iska yake shaƙa, sai ƙarfinsa ya ragu. Farfela iska take yanka, sai ta samu kaɗan. Fiffike a kan iska yake dogara, sai ya nemi ƙarin gudu. Shi ya sa jirgin da zai tashi a ɗan gajeren fili a bakin teku, a nan sai ya sha doguwar tsere, balle in rana ta yi zafi.

Ya ci gaba da lissafo mana abin da ba mu tambaya ba. Wai kafin a ba mutum lasin tuƙa jirgin kansa sai ya yi aƙalla awa 40 a sama yana koyo, a wuri irin kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, likita ya duba idonsa da zuciyarsa, ya ci jarrabawa. Jirgin kuma sai hukumar NCAA ta yi masa rajista, ta ba shi lamba mai farawa da 5N. Ɗan jirgi na gaske yana shan fiye da lita 30 a awa guda, na wani mai na musamman mai shuɗin launi da ba a samu wurin 'yan bumburutu.

"Kuma jirgi ko yana kwance ci yake," in ji shi. "Kuɗin rumfa, kuɗin inshora, kuɗin duba lafiyarsa duk shekara. Saye shi ne mai arha."

Da ya tafi, Injiniya ya ce tsofaffi haka suke, ba sa son ci gaba. Amma ya kama abu ɗaya: iskar sanyi ta fi ta zafi kauri. Saboda haka aka sa gwaji bayan sallar Asuba, a wani filin ƙwallo da ke gefen unguwa ta wajen hanyar Lamingo. Na'ibin limaminmu ya ja ni gefe ya tuna mini Abbas bin Firnas, masanin Ƙurɗuba na ƙarni na 9, wanda littattafan tarihi suka ce ya ɗaura fukafukai ya tashi, amma wajen sauka ya ji ciwo a baya don bai yi wa kansa wutsiya ba. Injiniya ya ce a kwantar da hankali, tamu wutsiyar da rodi mai kauri aka yi ta.

Saura matuƙi. Alhaji direba ya ce shi da ya sha hawan Kibo da tirela babu abin da zai ba shi tsoro, sai dai kujerar ba ta ɗaukarsa. Mai shayi ya ce matansa biyu, kuma amarya ba ta daɗe da tarewa ba. Injiniya ya ce dole ya tsaya a waje ya saurari kukan inji. Duka suka juyo gare ni.

"Malam, kai ne mara nauyi, kuma kai ka iya karanta agogo."

Agogon na tsohuwar Peugeot ne, allurarsa a kan sifili take tun a Dilimi.

Muka turo jirgi cikin duhu, muka tarar rabin Rikkos sun riga mu, har da mai ƙosai da kaskonta. Aka kifa mini hular kwano, aka ɗaure ni da majanyi. Inji kuwa ya ce bai san zance ba, sanyi ya kama shi. Aka hura, aka goge fulogi, aka zuba fetur a makogwaronsa, har hantsi ya dubi ludayi. Kafin nan matan gidajen bakin fili sun fito da shanyarsu a bayanmu: tabarmi na garin masara, da na wata baiwar Allah mai sana'ar yaji da ta baza dakakken barkono.

Ana cikin haka injin ya tashi, da wata irin ƙara da ta kori awaki har gindin dutse. Farfelar maɗaci ta ɗebi iska ta watsa baya. Na waiga don in ɗaga wa jama'a hannu, sai na ga babu jama'a, sai wani farin hazo mai ja-ja a ciki, da atishawar mutum ɗari a lokaci guda. Masu riƙe da wutsiya suka saki suka kama hanci. Jirgi ya fizga.

Na ja sitiyari, babu labari. Na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Na lalubi birki da ƙafa, sai na tuna amsar Injiniya ranar da na tambaye shi: "Wa za ka taka a sama?" Ragar ƙarshen fili tana matsowa, ni ina matsawa. Gangar jiki ta shige tsakiyar turakun ragar biyu cif-cif, fukafukai suka maƙale a jikinsu suka yi zamansu, ni da inji da wutsiya muka wuce. Yaran unguwa, idanu jawur, hawaye na zuba, suka haɗa baki:

"Gooool!"

A cikin kabejin wani mai lambu muka yi masauki.

Da la'asar aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Mai yaji ta kawo lissafinta, masu gari suka kawo nasu, mai lambu ya zo da shaidar kabeji a hannu, matasan ƙwallo suka zo da turke guda a kafaɗa. Aka raba huɗu daidai wa daida, don watanda ba ta san a zaɓi tsoka a bar ƙashi ba. Sai mai unguwa ya tambaya ko jirgin ya tashi, don in ya tashi ba rajista ba izini, maganar ta fi ƙarfin zaurensa. Mai shayi, wanda tun safe yake rantsuwa ya ga tayar gaba ta ɗaga kamu guda lokacin da muka hau wani dutse, ya ce shi wallahi barkono ya rufe masa ido. Dattijon tsohon filin jirgi ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ni shaida ne. Abin nan bai taɓa rabuwa da ƙasa ba. Amalanke ce mai hayaniya."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Injin yanzu yana bakin rafi yana ja wa masu noman rani ruwa, kuma duk ƙarshen wata ana kawo mini rubu'in kuɗin haya, wani lokaci a kuɗi, wani lokaci a latas. Farfelar mun so mu sayar a matsayin fanka, amma wa zai sayi fanka a Jos? Kuɗin hayar gida bai sauko ba. Gwaggo ta aiko cewa ta ji an ce gyara ake yi, za ta jira azumin baɗi.

Makon jiya da dare Injiniya ya yi sallama da sabuwar takardar siminti. Ya ce ya yi nazari, laifin duk na iskar Jos ne, amma ruwa ko a kan dutse nauyinsa ɗaya, ga kuma kududdufan haƙar kuza birjik daga Rayfield har Bukur ba mai morarsu. Jirgin ƙarƙashin ruwa yake so mu haɗa, mutum huɗu.

Kafin in buɗe baki uwargida ta amsa daga cikin ɗaki.

"Injiniya, wannan kam zai yi. Duk abin da ka ƙera ai ƙasa yake nema."