Aventus ko Club de Nuit, Alhaji?

Na ji ku, masu cewa turare duk turare ne, namiji ya yi wanka da sabulu ya isa. To Malam, shiga adaidaita sahu da azahar a watan Afrilu ka ɗaga hannu, mu ga wa zai zauna kusa da kai.

Ku kuma 'yan gayu, ku matso. Aventus na kamfanin Creed ne na Faransa, ya fito a 2010, an ce don tunawa da Napoleon aka haɗa shi. Fesawar farko abarba ce mai sanyi, can sai wani ɗan hayaƙi ya biyo baya a hankali. Club de Nuit Intense Man kuwa Armaf na Dubai ne suka sako shi a 2015, kuma ko mai mura ya san inda suka leƙa. Kuɗin kwalba ɗaya ta Aventus sai ya saya maka Club de Nuit kusan goma.

"Ai na kwaikwayo ne!" Na ji, Alhaji, sauke murya. Gaskiyarka a minti goma sha biyar na farko: Club de Nuit da lemun tsami yake buɗewa, mai kaifi, har ya ɗan ɗauki hanci kamar maganin goge tayil. Amma a wannan lokacin kana ina? Kana ɗaki kana neman hula. Kafin ka isa wajen ɗaurin aure ya lafa, ya kama shadda, kuma duk cikin masu miƙo maka hannu da wuya a sami wanda zai bambance. Wanda ya bambance ɗin ma, bincika, sayar da turare yake.

Ban ce Aventus bai fi ba. Ya fi laushi, ya fi natsuwa, ba ya shiga ɗaki kafin mai shi ya yi sallama. In kana da hali, saya, Allah ya ƙara buɗi. Wanda nake ji wa shi ne mai zuwa kasuwa a miƙo masa "Aventus" a kuɗin buhun gawayi, ya dawo yana hura hanci. Jabu ka sayo, ɗan'uwa. Gara Armaf, aƙalla sunansa na gaskiya ne a jikin kwalbar.

Baba na can gefe yana mana dariya, da 'yar kwalbar Bintu Sudan a aljihun jamfa. Kada ka yi saurin dariya, Baba, ita ma Turawan Ingila ne suka haɗa ta.