Dawaki 268 a Bayan Amalanke

Kowa da irin jarabarsa. Wani goro, wani ƙwallon Turai, wani sayen hula. Ni tawa ta injin mota ce. Idan aka ce ga mota ta sayarwa, ba na tambayar yadda take shan mai, ba na tambayar ko ana samun kayan gyaranta a nan Daura ko sai an aika Kano. Tambayata ɗaya ce tak: fulogi nawa? In aka ce huɗu, sai in ce Allah Ya kawo kasuwa, in kau da kai. In aka ce shida, sai in gyara zaman hula in matso.

Lokacin da na tara 'yan kuɗina na sayen mota, dillali ya ajiye mini guda biyu. Ɗaya Corolla ce, lafiyayya, mai kunya, irin wadda ba a waiwayenta a hanya. Ɗayar kuma Camry ce ƙirar 2008, wadda ake wa laƙabi da Muscle, mai fulogi shida. Na tafi da bakanikena don ya duba mini. Ya buɗe bonet, ya yi shiru, ya goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Malam, ina za ka da wannan inji? Daga gidanka zuwa makaranta ko zafi ba zai gama ɗauka ba." Na ce masa zan yi shawara. Shawarar da na yi ita ce kwana a kan waya ina karanta lambobi. Injin lita 3.5 ne, ƙarfin doki 268. 'Yar'uwarta mai fulogi huɗu, lita 2.4, ƙarfin doki 158. Na yi lissafi, bambanci 110. Raina ya ƙi yarda in bar dawaki 110 a hannun dillali. Ko a Sallar Gani, hakimin da ya shigo gari da dawaki 110 ai sai an yi makonni ana labarinsa.

To ga inda nake kai dawakin nan kullum safiya. In fito daga lungunmu da dabara, don kada madubi ya gogi katangar maƙwabci. In tsallake kwata a karkace. In jira mai kurar ruwa ya gama juyawa, in jira 'yan makaranta su gama tsallakawa, in jira wata akuya da ta ɗauki tsakiyar titi gadon gidansu. Sai tudun rage gudu, wanda motata ba ta taɓa hawansa ba tare da cikinta ya yi ƙara ba, ƙarar da nake ji har cikin haƙorana. Ranar da aka yi rashin sa'a kuma, in faɗa bayan amalanken shanu ɗauke da taki, mu tafi a jere, su a gaba ni a baya, kowa da natsuwarsa. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A cikin tsohon gari, wajen Rijiyar Kusugu, wanda ya samu 20 ma ya gode Allah.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba shi ne, ni matsoraci ne. Ina son gudu a rubuce, ba na son sa a jikina. Da zarar allurar maleji ta haura 90, tafin hannuna ya fara gumi, in kama sitiyari da hannu biyu, in shiga karanto duk addu'ar da na haddace tun ina makarantar allo. Lambobin da ke can ƙarshen maleji, na sama da 200, ni da su sai kallo daga nesa. Ranar wata Lahadi, a hanyar Mai'aduwa, wata tsohuwar Golf ta zo ta wuce ni fuu. But ɗinta a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, salansa na rawa. Injin irin wannan Golf bai kai doki 100 ba. Wani yaro da ke zaune a baya ya juyo ya kalle ni ta gilashi, ya kalli motata, ya sake kallona. Har yau ina jin kallon nan.

A bakin mai shayi nake ƙure maleji. Can ne, bayan isha'i, nake bayanin daƙiƙa nawa motata ke ɗauka daga tsaye zuwa 100, kamar na taɓa gwadawa. Can ne nake kallon masu fulogi huɗu da tausayi. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon direba, da ba ya tanka mini sai in na cika baki da yawa. Sai ya kurɓi shayinsa ya ce su da Fijo 504 suka yi zamaninsu, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, kuma da ita suka je Damagaram, suka je Maraɗi, suka je Ikko suka dawo, alhali ƙarfinta bai kai rabin na tawa ba. Ya ce abin da suke dubawa shi ne tsayinta daga ƙasa, da ko bakaniken ƙauye zai iya tayar da ita in ta mutu a daji. Ni kuma sai in ce, "Baba, ai zamani ya canja." Ya ce, "Zamani ya canja, ɗana, amma ramin hanya bai canja ba."

Abin haushin shi ne na san lissafin sarai, har koyar da shi nake yi. Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne. Mai tafiya a kan 80 zai yi awa guda. Mai tafiya a kan 120 zai yi minti 40, wato ya ci ribar minti 20, in har babu gari a hanya, babu kasuwa, babu shingen bincike, babu garken shanu. Alhali sai ya ratsa Mashi, kuma duk sauran suna nan suna jiransa. Sannan duk wanda ya ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. Wuri ɗaya ne na yarda ƙarfin inji yana da rana: in za ka wuce tirela a inda hanya ba ta rabu biyu ba, gara ka fita ka koma hannunka da wuri. Wannan hujja ita nake kafawa kullum. Sai dai ni ba na wuce tirela. Na taɓa bin wata tun daga Kazaure har Dambatta ina shan hayaƙinta, ina ce wa iyalina ai sauri ya haifi nawa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce an janye tallafin mai, dawakin suka fara ci na. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya har ta taɓa wuce 1,000. Tankina lita 70 yake ci. Yanzu in na shiga gidan mai nakan rage murya in faɗi na nawa za a zuba, kuma in an zuba allurar ko motsi ba ta yi. Wajen juyen baƙin mai, galan ɗaya ba ya isar injin. Fulogi kuwa, uku na gaba a fili suke, uku na baya suna can a ɓoye, sai an kwance kayan saman inji kafin hannu ya kai gare su, kuma kuɗin aikin daban ne. Duk ranar da aka zo wannan aiki bakanikena ba ya cewa komai, murmushi kawai yake yi. Uwargida ce ba ta da wannan kara. Da ta ga na fara aron babur ɗin ƙanena ina barin mota a rufe da tamfol, sai ta ce, "Malam, tunda dawakin naka ba fita suke yi ba, ko a sayar da rabi a sayo mana gero?"

Kada a ɗauka ban iya ba da shawara ba. Wani abokin aikina ya zo neman ra'ayina, na zaunar da shi na ce ya duba shan mai, ya duba tsayin mota saboda hanyar gonarsu ta wajen Baure da damina, ya tabbata na'urar sanyi tana aiki saboda zafin bazara, ya kuma tambayi masu sayar da kayan gyara wace mota ce kayanta ba sa yankewa. Ya bi maganata, ya sayi Corolla, yana ta sa mini albarka. Ni kuma duk sanda ya wuce ni da safe, shi a mota ni a babur, sai in ce a raina: kaico, fulogi huɗu. An kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin nan. In suna neman abin nazari, ga ni kusa, ba sai sun biya kuɗin mota ba.

Saboda haka, mai karatu, in kana da Corolla mai lafiya kuma irin ciwona na damunka, zo mu yi musaya, ba zan nemi ciko mai yawa ba. Amma ka zo lokacin da uwargida take gida. In ni kaɗai ka tarar, zan buɗe maka bonet, in tayar maka da inji ka ji ƙararsa, sannan in ce maka ba ta sayarwa ba ce.