Gyaran Gangar Auzinawa

Ba na iya ganin abu yana aiki lafiya in ƙyale shi. Da a kan mota ko wayar hannu cutar ta kama ni, da da sauƙi, mutane za su gane. Sai ta kama ni a kan ƙananan jiragen yaƙi na wasa, masu tashi da batir, waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Magidanci da furfura a gemu, sai ka tarar da shi tsakar dare a kan tabarma da sukundireba, yana farke cikin jirgin da bai yi masa laifin komai ba.

Wanda ya fi shan wuya a hannuna shi ne Spitfire, kwaikwayon jirgin Ingila ɗin nan da ya fara tashi a 1936, ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu. Nawa na soso ne, irin farin nan da ake kare talabijin da shi a kwali, sai dai ya fi tauri. Faɗin fukafukansa mita ɗaya da 'yan kai. Yadda ya zo haka yake tashi ba gardama, ya sauka cikin natsuwa, domin waɗanda suka ƙera shi sun auna inji da farfela da batir, kowanne ya dace da ɗan'uwansa. Ni da ban taɓa leƙa ajin injiniya ba, na dube shi sama da ƙasa na ce gudunsa ya yi kaɗan.

Batirinsa LiPo ne mai sel uku, kowane sel volt 3.7, jimla 11.1. Na sa masa mai sel huɗu, volt 14.8. Irin waɗannan injina, iyakar ƙarfin wutar da ka ba su iyakar saurin juyawarsu, don haka farfela za ta ƙara kashi ɗaya cikin uku na gudunta. Lissafina shi ne wutar da za ta sha ma kashi ɗaya cikin uku za ta ƙaru. Ashe iska ba ta bin lissafin 'yan kasuwa. Wannan ƙarin gudu kaɗai yana neman ƙarfi ninki biyu har da ɗori, shi ya sa masu hankali suke rage girman farfela idan sun ƙara batir. Ni ban rage ba. Na'urar da ke tsakanin batir da inji tana daidaita gudu, wadda ake ce wa ESC, amp 30 aka yi ta ta ɗauka. Ta ɗauki abin da za ta iya, ta sallame ni da farin hayaƙi da ƙaurin da ya kwana a ɗaki.

Na sayo mai amp 60, na kai wa wani yaro mai gyaran waya ya narka dalma ya haɗa mini wayoyin. Ya juya ta a hannu ya ce, "Alhaji, jirgin na yara ne?" Na ce na yara ne. Yaran kuwa ko taɓa kwalinsa ba na bari su yi.

Daga nan kowane gyara ya riƙa haifar ƙanensa. Inji ya fara zafi, na sa babba. Babban ya fizge mazauninsa daga jikin soso, na yi masa na katako na cika da gam. Na cire farfela mai kunne biyu na sa mai huɗu, ina sane cewa mai biyu ta fi tattalin wuta, don kawai wasu Spitfire na baya-baya huɗu gare su kuma sun fi kyau a hoto. Na sa tayoyi masu naɗewa cikin fiffike, na ƙarfe. Na yi masa zanen fari da baƙi irin wanda jiragen ƙawance suka sha a Yunin 1944, fentin farko ya cinye soson fiffike, sai da na cike ramukan na nemo mai haɗin ruwa.

Akwai wuri ɗaya a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku ko huɗu daga bakinsa na gaba, inda idan ka ɗora jirgi a kan yatsu biyu ya kamata ya tsaya daidai. Nawa sai ya kifa kai, hanci ya yi nauyi. Na manna dalma a wutsiya. Wato na ƙara nauyi don in yi maganin nauyi, fiffike kuwa faɗinsa na nan yadda yake. Jirgi mai nauyi a kan ƙaramin fiffike ba ya yarda a rage masa gudu. Ka sassauta masa wajen sauka, sai fiffike ɗaya ya saki iska ya wuntsila. Dole ka shigo da shi a guje, a kan tayoyin Spitfire da tun asali a matse suke kusa da juna.

To a nan gizo yake saƙa. Ni fa ban iya sauka ba. Tashi kowa ya iya, tura maƙura ne kawai. Sauka kuwa sai an yi ta maimaitawa a fili, ba ta cin ko kwabo, amma tana cin mutunci, domin duk inda ka tsaya da rimot sai yaran unguwa sun kewaye ka, kuma ba sa ɓoye dariya. A kan tabarma ba mai ganina. Jirgin da ake yi wa aiki ba a tambayar mai shi me ya hana shi tashi. Idan aikin ya ƙare kuma ina da uzuri na kowane lokaci: hunturu iska, bazara zafi yana kumbura batir, damina fili ya jiƙe.

Uwargida ta daɗe da gano ni. Rannan ta tsallake wayoyi da tire a hannu ta ce, "Maigida, wai jirgin nan naka tashi yake yi, ko jinya aka kawo shi?" Na yi mata dogon bayani kan nauyi da fiffike. Ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Yanzu haka ina jiran saƙo daga Sin, wata 'yar na'ura mai lasifika da ke fitar da rurin injin Merlin na Rolls-Royce, wanda ainihin Spitfire ya tashi da shi. Tana da ɗan nauyi, kuma a ciki ba wurin da za ta zauna sai na yanke soso. Na riga na fara duba farashin batir mai sel shida.