Wasiƙa Daga Zurik: Bala, Ka Janye Idonka Daga Ɓeran Abba

Zurik, Suwizalan
12 ga Fabrairu

Zuwa ga taubashina Bala, Sarkin Cin Katsina da kewaye,

Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo, da Hajiya Rabi mai haƙurin zama da kai, da yara baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da kewar gida. Maman Ummi tana gaishe ku. Kuɗin sharata na bara har yau shiru, amma na bar ka da Gwaggo.

Saƙon muryarka ya iso. Ka ce ɗanka Abba ya tara kuɗin barka da sallarsa ya sayo ɓeran masar guda ɗaya a kasuwa, kuma tambayar da ta fi damunka ita ce ko yana yin kitse, ko yana karɓar yaji. Bala, Allah Ya shirye ka! Mutumin da ya cinye kazar amarcinsa shi kaɗai amarya tana kallo, ai ba a bar masa ajiyar dabba ba shaida. Shi ya sa na zauna na rubuto wannan da hannuna, don a karanta wa Abba, Hajiya Rabi kuma ta zama shaida. Shekara huɗu ke nan muna kiwon ɓerayen nan a gidana, kuma da gaske nake ƙaunarsu.

Sunan ma abin dariya ne. Mu mun ce na Masar ne. Turawan Ingila suna ce masa aladen Gini, Faransawa su ce aladen Indiya, masu jin Jamusancin da nake zaune cikinsu kuwa Meerschweinchen suke cewa, wato ɗan aladen teku. Kowa ya laƙa masa garin da ya ga dama. Shi kuwa bawan Allah bai haɗa komai da alade ba, bai taɓa ganin Masar ba, ruwa ma ba ya son shiga. Asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonsa. Don haka in Gwaggo ta ji ƙishin-ƙishin wai ina kiwon alade a Turai, ka kwantar mata da hankali. A can Peru, gaskiya, gasa shi suke yi, kuyi suke kiransa. In yawunka ya tsinke, ga hanya nan, ka nemi biza. Na Abba dai ya fi ƙarfinka.

Ranar da Ummi ta matsa mini muka je sayen namu, guda ɗaya na nuna. Matar da ke sayarwa ta tambaye ni ko akwai wani a gida. Na ce babu. Ta ce to sai dai biyu. Na ɗauka irin ciniki ne na 'yan kasuwa, ashe doka ce: tun 2008 ƙasar nan ta hana a ajiye ɓeran masar shi kaɗai, saboda dabba ce ta garke, kaɗaici yana cutar da ita. Har akwai masu ba da aron ɓera, in naka ɗaya ya mutu ka karɓo wani ya taya wanda ya rage zama har ƙarshen kwanansa, sannan ka mayar. Na san yanzu kana can kana tuntsura dariya. Yi abinka. Ni da na yi shekarata ta farko a garin nan a ɗaki ni kaɗai, ba mai ce mini ina kwana da Hausa, ban ga abin dariya a dokar ba. Muka ɗauko mata biyu, Ummi ta raɗa musu Alkaki da Nakiya. Da dare in ka ji suna 'yan guna-guninsu a tsakaninsu, sai ka ce kishiyoyin da suka shirya.

To abu na farko ke nan, ka zaro kuɗi ka ƙaro wa na Abba abokin zama. Amma a duba da kyau a haɗa jinsi ɗaya, mata biyu sun fi sauƙin sha'ani. In ka haɗa mace da namiji, cikinsu kwana 59 zuwa 72 ne, 'ya'yan kuma da gashinsu da haƙoransu suke faɗowa, ido a buɗe, ranar ma su fara yawo. Ɗan namiji yana cika mako 3 sai a raba shi da uwarsa da 'yan'uwansa mata, in ba haka ba kafin ka farga gidanka ya koma zango. Zomo kuma ba abokinsa ba ne: shuri ɗaya zai iya karya shi, ga ƙwayar cutar numfashi da zomo ke ɗauke da ita lafiya lau amma ta kayar da ɓera.

Yanzu ga fannin da ka fi ƙwarewa a kai, wato ci. A nan kai da ɓeran masar ɗanjuma ne da ɗanjummai, bakinku ba ya hutawa. Bambancin kawai, shi yana da hujja. Haƙoransa 20 ne, huɗun gaba da kake gani da 16 a can ciki, kuma dukkansu tsiro suke yi har ya mutu. Tauna ciyawa ce ke goge su. Cikinsa ma haka aka halicce shi, sai abinci yana bi ta ciki ba yankewa. Saboda haka busasshiyar ciyawa mai tsabta kada ta ƙare a gabansa dare da rana, ita ce tuwonsa, sauran duk miya ne. Ni nan a leda nake sayenta da kuɗi masu ciwo, ku kuwa ga harƙiya da ƙiri-ƙiri a bayan gari. Abba ya yanko inda ba a yi feshi ba, ya shanya a inuwa, ya kula kada ta yi fumfuna. Harawar gyaɗa da ta wake tana da kyau ga mai ciki da ƙanana, amma baligi a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, don sinadarin kalsiyam ya yi mata yawa, shi ke tara musu tsakuwa a mafitsara. Dusa zalla kuwa, irin yadda yara suka saba zuba musu, ƙiba kawai take sa su, ba ta goge haƙori.

Sai bitamin C. Akuya da kare da kyanwa jikinsu ne ke haɗa musu shi. Ɓeran masar kamar ni da kai yake, sai ya ci a abinci, kullum. In ya rasa na 'yan makonni, gaɓoɓinsa su kumbura, ya riƙa ɗingishi, dasashinsa ya yi jini, gashinsa ya hargitse. Maganin yana cikin kwandon cefanen Hajiya Rabi: yankan koren tattasai ko ja marar yaji kowace safiya, a haɗa da latas da kokwamba, abin da zai cika kofin shayi ga kowane ɗaya. Gwaba da lemo da karas sai jefi-jefi saboda zaƙi. Kada a narka ƙwayar bitamin a ruwan shansu, haske yana lalata ta, kuma in ɗanɗanon ruwan ya sauya sai su ƙaurace masa. Albasa, tafarnuwa, attarugu, dankalin turawa, fiya, ganyen tumatir da ragowar tuwo, ko ɗaya kada ya shiga bakinsa, domin dabba ce da ba ta iya amai, abin da ta haɗiya ya zauna. Ragowar tuwon dai na san ba a samunta a gidanka.

In Abba ya ga yana sunkuyawa yana cin wani irin kashinsa mai laushi, kada ya hana shi. Halittarsa ce, da haka yake samun wasu sinadaran da hanjinsa ya sarrafa.

Ka tuna biyar ɗin da muka kiwata a gidan Kaka muna 'yan firamare? Muka sa su a tsohon akurki a gindin katanga, muka rufa musu fallen kwano, muka tafi makarantar allo. Da la'asar muka tarar da su a miƙe. Kai ka ce baki ne, har ka rantse ka san mai shi. Ba bakin kowa ba ne, Bala, rana ce. Sai da na zo nan na gane, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Dabbar tsauni ce, ba ta gumi. Tsakanin digiri 18 zuwa 24 take jin daɗi, da zafi ya doshi 30 tana cikin haɗari. Nan Zurik ma da rani sai mun daskarar da gorar ruwa mu naɗe da tsumma mu ajiye musu su jingina. Katsina kuwa a watan Afrilu ta wuce 40. Wannan shi ne ya fi tayar mini da hankali game da na Abba. A sa su a ɗakin ƙasa mai sanyi inda iska ke ratsawa, a girke musu tulu ko 'yar randa da ruwa su riƙa kwanciya a jikinta, a rataya jiƙaƙƙen buhu ta gefen da iska ke shigowa. Ruwan sha a sauya safe da yamma. In aka ga ɗaya ya baje yana haki, a shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa da ƙafafu, ba na ƙanƙara ba.

Ɗakinsu ya zama mai faɗi, da 'yar maɓoya ga kowanne, ko kwali ne. Kada daɓen ya zama ragar waya, tana fasa musu tafin ƙafa ya zama gyambo. A shimfiɗa takarda a zuba ciyawa, a kwashe jiƙaƙƙen wuri kullum. A toshe hanyar kyanwa da gafiya da maciji, a rufe sama saboda shirwa. Da hannu biyu ake ɗaukarsa, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, yaro kuma ya zauna ƙasa tukuna, don faɗuwa ɗaya tana karya masa baya. Farce a rage duk wata, yatsu huɗu a gaba, uku a baya.

Abin da Alkaki ta koya mini shi ne, ɓeran masar ɓoye ciwo yake yi, don a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Duk Lahadi Ummi tana ɗora su a sikelin girki ta rubuta a littafi. Bara sai muka ga Alkaki ta sauko daga giram 980 zuwa 900 cikin mako biyu, alhali tana rugowa wajen abinci kamar kullum. Da na tsuguna na lura, sai na ga tana ɗauka tana yarwa, haɓarta a jiƙe da yawu. Likitan dabbobi ya duba, ashe turamen haƙoranta ne suka yi tsawo har suka danne harshe. Aka sa ta barci aka goge su. Kwana 10 muna ɗura mata niƙaƙƙiyar ciyawa da sirinji, ni da dare, Maman Ummi da rana. Safiyar da na buɗe firji na ji kuwi-kuwinta ta dawo, tana ta tsalle kamar gugguru a kasko, Ummi har da hawaye. Abin da na biya zai sayi rago, kuma ko gobe zan sake biya.

Saboda haka in ɗaya ya wuni bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, ko yana atishawa da majina, ko yana susa gashi na zuba, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, ban da jiran gobe. Kuma ka ji wannan da kunnen basira, Dokta Bala na kaji: kafson nan da kake fasawa a ruwan kaji, amfisilin da amoksisilin da duk dangin fenisilin, guba ne ga ɓeran masar. Suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ya tafi. Ka ajiye likitancinka a aljihu.

Mai kulawa da kyau yana shekara 5 zuwa 7 da su, wani ma har 8. Abba zai gama firamare ya shiga sakandare suna nan, in Allah Ya yarda kuma ka kawar da kai.

Na turo ɗan saƙo ta hannun Hajiya Rabi, ita na amince wa. A sayi ɓera na biyu, da tulu, da ƙaramin sikeli, canjin kuma na tattasai ne. Abba ya riƙa auna su duk Juma'a yana turo mini lambar, in na ga giram ɗaya ya yi ɓatan dabo na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Ka gaishe mini da Gwaggo da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Don Allah, Bala, a sauya musu wuri kafin bazara ta kama.

Wassalam.

Ubangidanka har kullum,
Sani (Baban Ummi)