Yadda Za Ka Shiga Duron Ƙanƙara Ka Fito da Mutuncinka

Tun da hotunan manyan 'yan ƙwallon Turai suka fara yawo a wayoyi, ga su zaune cikin ruwan ƙanƙara har wuya suna murmushi, samarin Katsina suka ɗaura ɗamara. Daga filayen unguwa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa har bakin filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda mutane da yawa har yau Karkanda suke ce masa, da wuya a tashi daga atisaye ba ka ji wani ya ce, "Ni fa yau sai na shiga ƙanƙara." Mai ɗaga ƙarfe yana so, ɗan dambe yana so, har magidancin da ya fara sassarfa da asuba don rage tumbi ya soma tambayar farashin ƙanƙara. Abin yana da amfani, yana da lokacinsa, yana kuma da haɗarinsa. Ga hanyar da za ka bi.

Na ɗaya: ka san ciwon da kake yi wa magani

Ka buga wasa jiya da yamma, ka kwanta lafiya lau. Yau da asuba ka zo yin ruku'u, cinyoyinka suka ce ba su san zancen ba, zaman tahiya kuwa sai da ka dafa ƙasa da hannu biyu. Wannan shi ne tsamin jiki. Yana zuwa ne saboda ƙananan zaruruwan tsoka sun ɗan yayyage, musamman wajen taka birki a guje, da dira bayan tsalle, da sauke ƙarfe a hankali. Jiki yakan aiko da jini da 'yan gyara zuwa wurin, wurin ya ɗan kumbura, ciwon ya kai ƙololuwa tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya lafa da kansa.

Sanyi yana tsuke hanyoyin jini, yana kuma rage saurin saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa, sai raɗaɗin ya ragu. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken lafiya, ta haɗa gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan mutum 366, ta ga cewa waɗanda suka shiga ruwan sanyi sun fi waɗanda suka zauna kawai samun sauƙin tsamin jiki. To, ka riƙe wannan: aikin ƙanƙara rage raɗaɗi ne. Ba ta koya wa ƙafar hagu buga ƙwallo, ba ta kuma ƙara wa gajere tsawo.

Na biyu: ka duba ko sunanka yana cikin waɗanda aka hana

Nan babu raha. Mai sikila kada ya kusanci duron nan ko da wasa, domin sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Haka mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mai farfaɗiya, da mai asma, da mai ciwon suga wanda ƙafafunsa suka fara dindiris, da wanda yake da buɗaɗɗen rauni ko zazzaɓi. Koci, kai ma wannan naka ne: kafin ka jera yara a bakin duro, ka tambayi kowa a keɓe, domin yaro zai iya ɓoye ciwonsa don kada abokai su ce masa rago.

Na uku: ka nemi izinin mai duro

Duron gidanku yana da mai shi, kuma kai ma ka san ko wace ce. Kada ka bari ta dawo daga unguwa ta tarar da ƙaton ɗanta tsamo-tsamo cikin ruwan girkinta. Ka je ka durƙusa tukuna.

"Inna, don Allah aron duro nake so."

"Wanki za ka yi?"

"A'a, shiga zan yi, da ƙanƙara."

"Kai, Allah ya shirye ka. Mu da muka san ana gasa jiki da ruwan zafi, ku kuma kun koma neman sanyi da kuɗinku?"

Kada ka yi mata gardama, domin tana da hujjarta: tsumma da ruwan ɗumi washegari yana sassauta tsoka, yana kuma sa jiki ya ji daɗi. Ka dai yi mata alkawari biyu: kai za ka biya ɗan garuwa, kuma ruwan ba zai tafi a banza ba, za a yi wanki ko a ba shuka. A garin da ake jiran ruwan famfo daga dam ɗin Ajiwa ko ake bin kurar ɗan garuwa da ido, zubar da jarka biyar a kwata abin kunya ne.

Babban baho ko duron roba da aka yanke rabi ya fi dogon duro, saboda fita tana da sauƙi. Wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki, ka bar shi inda ka gan shi. In ka gama ka kwashe ruwan nan take, kada ƙaramin yaro ya zo leƙe ya faɗa.

Na huɗu: ka yi lissafi kafin ka je wurin mai ƙanƙara

Sanyin da ake nema digiri 11 zuwa 15 ne a ma'aunin Selsiyos. Wannan ya ishe ka. Wanda ya cika duro da ƙanƙara zalla ya ɗauka ya fi kowa, alhali wahala kawai ya ƙara wa kansa. Ga lissafin: in kana da ruwa lita 100, wato jarka biyar mai lita 20, kuma zafinsa digiri 30 ne irin na ruwan da ya wuni a inuwa da bazara, kana buƙatar ƙanƙara kusan kilo 16 kafin ya sauko zuwa 15. Don haka 'yan ƙullin leda uku da ka riƙo a hannu ba za su yi komai ba, sai dai ka yi wanka mai daɗi. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, ku sayi ƙaramin ma'aunin zafi, ku kuma wanke ƙurar fili kafin kowa ya shiga.

In azumi ya zo da zafi, kada ka je gaban mai ƙanƙara da la'asar, layi ya miƙe kowa yana riƙe da kula don buɗa-baki, ka buɗe baki ka ce ta wanka kake nema. Kallon da dattawa za su yi maka ya fi ruwan sanyi. Da hunturu kuwa Allah ya hutar da aljihunka: ruwan da ya kwana a tsakar gida a watan Janairu ya riga ya yi maka yawancin aikin kyauta.

Na biyar: shiga da ƙafa, a hankali, da ɗan'uwa a tsaye

Minti na farko shi ne mai haɗari. Da ruwan ya taɓa fata za ka ja numfashi da ƙarfi ba da sonka ba, zuciya ta hau bugu, jini ya hau. Shi ya sa ba a faɗawa ciki gaba ɗaya, ba a kuma tsoma kai. Sa ƙafa, tsaya, sauka zuwa gwiwa, tsaya, sannan ka zauna ruwan ya kawo maka ƙugu. Ga ɗan ƙwallo da mai gudu wannan ya wadatar, tunda ƙafafu ne suka yi aikin. Ka riƙa fitar da numfashi a hankali, cikin minti ɗaya ko biyu jiki zai natsu.

Za ka yi ƙara, kowa yana yi. Ka dai zaɓi kalma mai kyau tun kana waje, salati ya fi, domin maƙwabta suna ji. Abokin da ke tsaye a kanka aikinsa duba agogo ne da duba fuskarka, don haka ka zaɓi mai hankali, ka kuma karɓe wayarsa, in ba haka ba kafin ka bushe hotonka ya zagaye unguwa.

Ranar farko minti 3 zuwa 5 ya isa. In ka saba, 10 zuwa 15, kada ka wuce. Babu kofi ga wanda ya fi daɗewa. Da ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko yatsu sun mutu, ko karkarwa ta fi ƙarfinka, fito. Iya ruwa fidda kai. Ka goge jiki, ka sa kaya, ka sha shayi mai ɗumi, ka jira ƙafafu su dawo hayyacinsu kafin ka hau babur. Kada kuma ka koma fili, domin tsokar da ta yi sanyi ba ta da sauri, ba ta da ƙarfin tsalle.

Na shida: mai neman ƙwanji ya yi nesa da duro

Ɗan'uwa mai ɗaga ƙarfe, zo kusa. A 2015 Llion Roberts da abokan aikinsa a Ostireliya suka sa maza 21 ɗaga ƙarfe sau biyu a mako har mako 12. Bayan kowane atisaye wasu suna shiga ruwa mai digiri 10 na minti 10, sauran suna ɗan taka keke a hankali. Da aka auna, masu keken sun fi samun girman tsoka da ƙarfi. Dalili kuwa, kumburin nan da ɗumin da kake son kashewa suna cikin saƙon da ke gaya wa tsoka ta ƙara gina kanta. Ka sha wahalar ƙarfe, ka sayi ƙwai da wake, sannan ka sake biyan kuɗi ka rage ribar, wannan ciniki bai yi ba.

Ranar ƙanƙara ita ce ranar da gobe ma akwai wasa: gasar unguwanni da ake bugawa a jere, makon folo da mahayi zai hau yau ya hau gobe, ko dambe dare bayan dare. A nan abin da kake so shi ne ka wayi gari da ƙafar takawa. Lokacin gina jiki kuwa, ka bar jiki ya yi aikinsa.

Na bakwai: targaɗe daban, tsami daban

Likitan wasanni Gabe Mirkin na Amurka ne ya yaɗa shawarar hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, kuma a 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan ƙanƙara yana iya jinkirta warkewa. Don haka in ka yi targaɗe, naɗe ƙanƙara a tsumma, ɗora minti 10 don raɗaɗi ya lafa, ka cire. Kada ta taɓa fata tsirara. In ba ka iya taka ƙafar, ko siffarta ta canza, a tafi asibiti a yi hoto.

Na takwas: kada tsada ta burge ka

A Turai da Amurka akwai ɗakunan sanyi da iskarsu ke kai digiri 110 ƙasa da sifili, ana shiga na 'yan mintoci. A 2019 Antonio Brown, tauraron ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, ya shiga irin wannan a Faransa, sanyi ya ƙone masa tafin ƙafa har ya rasa kwanakin atisaye. Kai da bahonka kun fi shi kwanciyar hankali. A 2014 ma wasu masu bincike a Melbon sun zuba sabulun ruwa a ruwan da ba sanyi ba zafi, suka ce wa 'yan gwaji sabon maganin gajiya ne, kuma ƙarfin ƙafarsu ya dawo daidai da na masu ruwan sanyi. Yarda da abu ma tana da nata rabon a cikin aikin.

Na tara: ranar da ƙanƙara ke ceton rai

A watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40. In ɗan wasa ya faɗi a rana, jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko bai san inda yake ba, kada a tsaya fifita da riga kawai. A kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a sa jikinsa cikin ruwan sanyi ana riƙe da kansa a sama, ko a yi ta kwara masa, ana kuma neman mota zuwa asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Kowane koci ya kamata ya zo fili da kular ƙanƙara da bazara saboda wannan ranar kaɗai.

Na goma: abin da ya fi duro

Tsoka da abinci take ginuwa, cikin barci kuma take gyaruwa. Ka sha ruwa sosai, ka ci wake, ƙwai, nama ko awara, ka kora da fura da nono, ka yi barcin awa 7 zuwa 9. Wanda ya shiga ƙanƙara da magariba sannan ya kai ƙarfe biyun dare a majalisa yana musun ƙwallon Ingila, kuɗinsa kawai ya narkar. Ka kashe waya ka kwanta da wuri. Kafin nan kuma, ka wanke wa Inna duronta ka cika mata shi, domin mako mai zuwa za ka sake zuwa aro.