Ilimin Ƙirga Wake: Maki, Gwangwani da Tumbi

Ƙirga wake wani reshe ne na ilimin rage ƙiba da ya shigo yankin Funtuwa da Malumfashi ta cikin wayar hannu. Yadda ake yinsa shi ne mutum ya zauna gaban abinci, kafin ya kai loma baki ya lissafa makin da za ta ci masa, ya rubuta a manhaja, sannan ya ci abin da dama ya yi niyyar ci. Ɗalibansa sun fi yawa a cikin ma'aikatan ofis, da dillalan hatsi da suka daina taɓa buhu da hannunsu, da matan da suka gaji da jin tela yana cewa turmi ɗaya ba zai isa ba. A cikin dukkan abinci, babu wanda ya fi ɗaure musu kai kamar wake, musamman na gwangwani.

Asalin tsarin maki

A shekarar 1963 wata mata mai suna Jean Nidetch ta kafa kamfanin Weight Watchers a birnin New York na Amurka, bayan ta ɗan jima tana tara ƙawayenta a gida suna ƙarfafa wa juna gwiwa kan rage ƙiba. A shekarun 1990 kamfanin ya fito da tsarin maki. Kowane abinci aka yanka masa lamba gwargwadon kalorin da ke cikinsa da yawan maiƙonsa, daga baya aka sa sukari da sinadarin gina jiki a lissafin. Ana ba kowane mutum kasonsa na yini, da ɗan ƙari na mako saboda fita kunyar biki. A ƙarshen 2017 aka ware abinci sama da 200 aka ce makinsu sifili ne. Ƙwai na ciki, da kifi, da ƙirjin kaza marar fata, da wake.

Wannan labari ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Kudancin Katsina, kuma kamar buhun da aka ɗora a kan tsohuwar akori-kura, rabinsa ya tsiyaye a hanya. Abin da ya iso shi ne wake ba ya da maki. Abin da ya zube shi ne sharaɗin: waken da aka dafa ba mai ba sukari, a ci a ƙoshi a tashi, ba a ci har sai an kwance mazagi ba. A watan Mayun 2025 kamfanin ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi, bayan allurar rage ƙiba ta janye masa kasuwa. Shi ma wannan labari yana kan hanya.

Matsayin wake a yankin

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken da ake ci a ƙasar Hausa, kuma gonakin Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi da Ɗandume suna cikin masu ba da nasu kason, tare da masara da dawa da auduga da waken suya. Ana shuka shi idan damina ta yi nisa, sau da yawa a tsakanin masara ko dawa, a yi roronsa da kaka, a ɗaure harawa a ajiye wa raguna. Akwai na gargajiya irin su kanannado da ɗan ila, akwai kuma ingantattun iri da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa da sunan SAMPEA, ciki har da wanda aka fitar a 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Don maganin ƙwari a ajiya, akwai buhu mai ruɓi uku wanda ba ya barin iska ta shiga.

Duk da wannan tarihi, waken gida yana da aibi ɗaya a wurin masu ƙirga maki: ba a rubuta komai a jikinsa ba. Buhu ba ya faɗin kalori, tiya ba ta faɗin giram. Saboda haka mutumin da ke da buhu shida a ɗakin ajiya yakan shiga mota ya je kantin zamani ya sayo gwangwani ɗaya da ya ƙetaro teku, a kan kuɗin da zai sayi waken da iyali za su ci su ƙoshi. Hujjarsa ita ce na gwangwani ya zo da shaidarsa a rubuce.

Gwangwani da ire-irensa

Wani Bature mai suna Peter Durand ne ya yi rajistar dabarar adana abinci a gwangwani a Ingila a 1810. Mabuɗinsa bai zo ba sai bayan shekara 40 da ɗoriya, kafin nan da guduma da kurfi ake fasa shi. Gidaje da dama a yankin suna nan kan tsohon tsarin, sai dai wuƙar kicin da muciya ne suka gaji aikin.

Waken gwangwani iri biyu ne. Akwai wanda aka dafa aka zuba a ruwan gishiri, shi ne mai sifili. Gwangwani mai giram 400 yakan bar kimanin giram 240 na wake idan an tsiyaye ruwan, kuma ɗauraye shi yana rage gishirinsa da kusan kashi 40 cikin 100. Akwai kuma wanda ke iyo a cikin romon tumatir mai sukari, shi kam yana da maki. Na biyun ne ya cika kantuna, kuma shi ake saye da sunan na farkon. Ba ma jinsinsu ɗaya da waken gida ba, domin asalin na gwangwani daga nahiyar Amurka yake, na gida kuwa ɗan Afirka ne gaba da baya.

Masana ƙirga sun rabu gida uku a kan romon. Ɓangare na farko na ganin a tsiyaye shi. Na biyu na ganin a wanke waken tas da ruwa, har ya koma abin da ba mai sha'awar ci, wanda hakan ma hanya ce ta rage ƙiba. Na uku, kuma mafi rinjaye, na ganin zubar da romo almubazzaranci ne, don haka suna cinye waken a rubuta sifili, su lashe romon da burodi a tsaye. A ƙa'idarsu abin da aka ci a tsaye ba ya shiga littafi.

A zahiri waken gwangwani ba shi da mazauni a teburin Bahaushe sai a cikin haɗin salak na biki da Sallah. Nan ake yanka kabeji da karas da latas da dafaffen ƙwai, a juye gwangwani a kai, sannan a kawo kwalbar bama a yi wa tiren lulluɓi har ba a ganin kore. Mai ƙirga yakan duba ya ga ganye sifili, ƙwai sifili, wake sifili, sai ya ƙara faranti na biyu. Ita bamar, wadda yawancinta mai ne, ana ɗaukar ta a matsayin ado.

Hukuncin dangin wake

Da yake ba kullum ake samun gwangwani ba, an faɗaɗa hukuncin sifili ya game duk abin da ke da dangantaka da wake. Ɗanwake ya samu ta hanyar gado, tun da sunansa ya nuna ɗan waye shi, ko da kuwa garin rogo ne ya fi yawa a ƙullin, kuma sai ya yi wanka da man gyaɗa da yaji yake fitowa. Ƙosai ya samu saboda wake ne tsantsa, man da aka soya shi a ciki kuwa an ce ratsawa kawai ya yi. Alala ta samu don ba a soya ta, ba a kuma tambayar manjan da ya sa ta yi ja. Awara ta shigo ta ɓangaren waken suya. Garau-garau ne kaɗai aka yi muhawara a kansa, aka ƙare a kan cewa shinkafa baƙuwa ce a cikin kwanon, baƙo kuwa ba a yi masa ƙididdiga.

Lissafin gaskiya ba shi da tsawo. Giram 100 na dafaffen wake yana ɗauke da kalori kimanin 115. Cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kimanin 120. Ke nan cokalin man ya fi tarin waken nauyi a jiki, kuma babu wanda ya taɓa ganin mai garau-garau ta tsaya a cokali ɗaya idan ta ga mai saye ya sa babbar riga. Duk lissafin da ya tsallake mai, lissafin dokin Rano ne.

Matsalar awo

Manhaja tana neman giram da kofi. Kasuwa ta san mudu da tiya da gwangwanin madara, kuma ko su ba a shafe bakinsu, sai an yi tozo, an kuma ɗora gyara. A gida ma awon uwargida hannu ne da ido. Idan aka tambaye ta yawan man da ta sa, amsar ita ce daidai. Har yau ba a sami gurbin rubuta daidai a manhaja ba.

Babban cikas shi ne cin abinci a kwano ɗaya. A majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i, inda kowane magidanci ke fito da tuwonsa a haɗa, ba a san rabon kowa ba sai dai a san mai saurin hannu. Mai ƙirga yakan raba jimillar abincin da yawan mutane, ya sa har da wanda ya ce alhamdulillahi bai ci ba, da almajirin da ya zo karɓar saura. Da wannan dabara mutum zai iya cin malmala uku littafi ya nuna rabi.

Ƙirga a gaban iyaye

Ilimin yakan gamu da jarrabawarsa mafi tsanani idan mai shi ya kai ziyara ƙauye. Misali, ma'aikaci ya je gaida mahaifiyarsa, an kawo masa faten wake, ya zaro ƙaramin sikeli daga aljihu ya ɗora kwano. A gidan ba a taɓa auna abinci ba sai ranar fid da zakkar kono. Tsohuwa za ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Kai kuwa lafiya? Ko asibiti ne suka ce wani abu?"

"A'a Inna, maki nake ƙirgawa."

"Wace jarrabawa kuma, da furfurarka?"

Ba za ta jira bayani ba. Za ta dubi wuyansa ta yanke hukunci cewa ya rame, ta aika a kawo man shanu ta zuba masa ludayi guda, ta kuma riƙe abin a ranta har ranar da za ta haɗu da matarsa. Ƙin ci rashin ladabi ne, don haka sikeli yakan koma aljihu, a rubuta ranar a cikin ƙarin mako. Haka hukuncin yake a gidan surukai, da walima, da suna, da buɗa-baki. Idan aka cire waɗannan ranaku daga kalanda, abin da ya rage wa tsarin bai wuce Litinin ba, shi ya sa kowane mai ƙirga ranar Litinin zai fara.

Tumbi a matsayin shaida

Tushen wahalar ya girmi wayar hannu. A al'ada tumbi shaida ce ta cewa kasuwa ta karɓi mutum, kuma amaryar da ba ta yi ƙiba ba bayan wata uku, mijinta ne zai amsa tambaya. Wanda ya rame ba a yi masa barka, sannu ake yi masa, a tambayi ko bashi ne. A kasuwa ɗaya ake sayar da ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe da shayin rage tumbi, wani lokaci a tebur ɗaya, kuma akan sami gidan da aka sayi duka biyun rana ɗaya. Likitoci suna gargaɗi kan hawan jini da ciwon suga, dangi suna gargaɗi kan abin da mutane za su ce. Mai ƙirga yana son ya rage nauyi ba tare da kowa ya lura ya rage ba, kuma a wannan ɓangare na biyu yawanci ana samun nasara. Magabata sun san wanda ya je neman ƙiba ya samo rama. Zamani ya kawo wanda ya je neman rama ya samo ƙiba.

Akwai rukunin da bai san da tsarin ba amma ya fi kowa cin moriyarsa. Ɗan ƙwadagon da ya yini a duƙe yana roro, da mai dakon da ke loda buhuna a kasuwar Ɗandume, suna cin kwano guda na garau-garau da mai da yaji, su kora da kunu, cikinsu kamar an goge da dutsen guga. Dalili shi ne abin da ya shiga yana ƙonewa kafin la'asar. Mai gonar da ke biyan su yana zaune a mota yana duba makin rabin gwangwani, kuma da motar zai je masallacin bakin layi.

Makomar gwangwani

Gwangwanin da aka juye ba ya mutuwa. Idan ya tsira daga hannun 'yan gwangwan, akan wanke shi a bubbuge bakinsa, ya zama abin ɗiban gari ko na dafa alala. Mafi yawa yakan ƙare a teburin mai awo na cikin unguwa, inda ake auna gero da shinkafa da farin wake da shi ga mai ƙaramin ƙarfi. Takardar jikinsa mai ɗauke da kalori da giram takan ɓare tun a wankin farko. Daga nan sai ya koma bin dokar kasuwa, a cika shi da tozo, a ɗora gyara.