Banufiya Ta Saƙa Littafi

Ke baiwata, ashe abin da ya hana ki aiko mana da shinkafar Badeggi bana ke nan? Kin shige ɗaki kin rubuta littafin soyayya, da Hausa kuma! Na buɗe shi ina shirin ƙirga wuraren da za ki ce wa namiji “ta” ki ce wa mace “ya”, kamar yadda kuka saba a kasuwar Bida. Ban samu ba. Ki faɗa mini Bakatsinen da ya gyara miki, in kai masa goro.

Jama'a, ga labarin a taƙaice. Wata masaƙiya ce a Bida, an haife ta kafin sojojin kamfanin Royal Niger su ci garin a 1897, ta girma Turawa na mulki. Aurenta na fari ya mutu, ta ƙi komawa, ta kafa masaƙarta a jikin bangon ɗaki. A nan na sara wa baiwar tawa, don ba ta yi kuskuren da 'yan birni ke yi ba, na zaunar da mace a masaƙar maza mai ƙoshiya da taka ƙafa. Ta mata a tsaye take, ba ta fitar da siririyar ƙwarya sai an ɗinɗinke, faffaɗan ƙyalle take bayarwa, biyu ko uku sun yi zane. Tun daga gurzar auduga, shiɓa, kaɗi da mazari, har rini, komai yana wurinsa. Akwai babin da zare ya tsinke mata ana gobe bikin mai zanen. Na fi jin tsoro a wurin fiye da inda aka yi yaƙi.

Abin da ya fi kama ni, 'yancin matar nan ba na baki ba ne. Ba ta tsaya a dandali ta yi wa kowa lacca ba. Kuɗinta ne a ƙugunta. Jirgin ƙasan da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, akoko da alawayyo na Manchester suka cika kasuwa da araha, ga haraji ana nema da sule ba da wuri ba, amma matan gari ba su daina neman zanen hannu mai kauri na aure da goyo ba. Da wannan ta ci da kanta, ta biya wa ƙanenta haraji. Kuma ba ƙage ba ne: Baturen nan Nadel, mai littafin A Black Byzantium na 1942, ya zauna da ku Nufawa, ya kuma rubuta cewa mazanku da yawa matansu na bin su bashi. To, mu Katsinawa dai mun daɗe da sani, Bature ya tabbatar ne kawai.

Sai dai ga ƙarata. Duk mazan duniya, wa kika ɗauko ya zama mai neman aurenta? Falke Bakatsine! Kika sa shi ya sauka da babbar riga da ƙaton rawani da daɗin baki, ya kwashi zannuwa bashi, ya tafi sai bayan damina biyu ya dawo, da waƙa a baki ba kuɗi a aljihu. Har kika sa ta ce masa sadaki daban, bashi daban. Wannan ƙazafi ne, ko da yake na san wani kawuna da zai iya. Kuma ki rage kifi. Kowane babi sai an dafa kifi, har shafukan ƙarni suke yi.

Ko ta aure shi? Ba zan faɗa ba, ku saya ku gani, kada ku yi aro, don Banufiya ba ta yafe kwabo. Ni kuwa nawa kyauta ne, haƙƙin ubangida. Ki haɗo da zane ɗaya na uwargida da kuɗin sharan da kika danne mini tun cika-cikin bara, in ba haka ba in tona wa jama'a shafin ƙarshe a fitowa ta gaba.